Daga Dara zuwa Karta: Tarihin Wasannin Inuwa a Babbar Kasuwar Injamena

Filinmu na tarihi yau ya yada zango a Babbar Kasuwar Injamena, wadda ake kira Grand Marché da Faransanci, nan dab da Masallacin Sarki Faisal. Amma fa ba ciniki ya kawo mu ba. Zancenmu a kan abin da 'yan kasuwa ke yi ne idan rana ta take, ciniki ya lafa, aka ɗora butar shayi a kan gawayi: wato dara, da karta, da dam, da lido. Kowane ɗaya daga cikin wasannin nan akwai hanyar da ya biyo ya iso bakin kogin Shari, kuma wanda ya bi sawunsu zai tarar da tarihin birnin kansa.

Bari mu soma da garin. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza yaƙi a Kusuri tsakanin rundunar Rabe da ta Faransa, inda Rabe ya faɗi, shi ma kwamandan Faransawa, Lamy, ya rasa ransa. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Émile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren kogi, ya sa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973, zamanin Shugaba Tombalbaye, aka sauya sunan ya koma Injamena, daga Larabcin Cadi, ana fassara shi da "mun huta". To kun ji, garin da sunansa hutu ne ai ba a rasa abin hira a inuwarsa.

Hausawa sun iso wannan gari tun yana ɗanye. Wasu fatauci ya kawo su, da goro da tufafi da fata. Da yawa kuma alhazan ƙasa ne, masu tafiya Makka a ƙafa: daga Kano zuwa Borno, a bi Dikwa, a haye Kusuri, a sauka Fort-Lamy, sannan Ati, Abeshe, Adare, a shiga Darfur, har bakin Bahar Maliya. Hanyar ta ƙara cika bayan 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, aka yi yaƙin Burmi, mutane suka yi ta ƙaura gabas. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri kan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi ɗinki ko fawa ko wanzanci, ya tara na gaba. Wasu daga tsayuwar nan ba su sake ɗaga ƙafa ba, jikokinsu ne ke riƙe da rumfuna yau. Wani masani mai suna John Works ya rubuta littafi sukutum a kan Hausawan Cadi a 1976.

To me matafiyi irin wannan zai iya ɗauka na wasa? Sai abin da ba shi da nauyi ko kaɗan. Dara ke nan. Ba ta bukatar allo, a ƙasa ake tona ta: layi biyar, kowane layi gida shida, gida 30 ke nan. Kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan ya karya tsinke ko ya tsinci ƙwallon dabino. Da farko sai a yi ta sa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan mataki ba a yarda ka jera uku ba. In an gama sawa sai a fara turawa, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku a layi, ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Gwanaye kuwa burinsu su kafa doki, wato su tsara 'ya'yansu yadda duk turawa ɗaya sai ta rufe layi, a yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Zabarmawa na da irinta, suna ce mata dili. Akwai kuma ɗaya darar, mai ramuka 12 da ake zuba 'ya'ya ana kewayawa, wadda mata da yara suka fi yi a tsakar gida. Dubi yadda wasan ya shiga bakinmu: in makirci ya koma kan mai shi, ai cewa muke dara ta ci gida.

Alhajin da ya wuce gabas zuwa Sudan yakan tarar da 'yar uwar dara, ana ce mata sija. Ita gida 25 ce, biyar sau biyar, kowa da 'ya'ya 12, a bar gidan tsakiya fanko, kuma ci shi ne ka matse ɗan abokinka tsakanin naka biyu. Wani Baturen Ingila, Edward Lane, ya bayyana yadda Misirawa ke yin ta tun a 1836. Ka ga amfanin irin waɗannan wasanni a gari kamar Fort-Lamy, inda Babarbare da Balaraben Shuwa da Bakotoke da Bahaushe da mutumin Sara suka haɗu a kasuwa ɗaya. Ko ba ku jin harshen juna, in ka tona ramuka a ƙasa ka miƙa wa mutum tsakuwa, an fara gaisawa.

Zango na biyu na tarihin nan shi ne na bariki. Fort-Lamy garin soja ne tun asali, kuma ya ƙara zama haka bayan Agusta 1940, sa'ad da Gwamna Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, dakarun Leclerc suka tashi daga nan suka nufi hamadar Libiya. Soja da akawu da direba su ne suka saba yaɗa wasannin Faransawa a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Akwai balot, wadda ta yi tashe a Faransa wajen 1920: kati 32, mutum huɗu, biyu-biyu. Akwai dam, wadda mutanen Najeriya ke ce wa diraf, mai gida 100, kowa da 'ya'ya 20. Wannan kam 'yan Afirka sun karɓe ta har sun gagari masu ita: Baba Sy na Senegal, wanda ya rasu a 1978, an tabbatar masa da kambin duniya na 1963 bayan mutuwarsa.

Wani abin mamaki, ita kartar ba Turawa suka ƙago ta ba. A Sin aka fara ta, ta biyo ƙasashen Musulmi, kuma daga Masar ta zamanin Mamluk ta shiga Turai wajen 1370. Har yau akwai tsofaffin katunan Mamluk a ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. Wato ta fita daga Afirka ta arewa, ta yi ɗaruruwan shekaru a Turai, ta dawo mana a aljihun soja. Wata kuma ta gabas ta zo, irin ta jera katuna da ake raba wa kowa goma sha huɗu, shi ya sa ake kiranta arbatashar.

Zango na uku na mota ne, hanyar Maiduguri, Gamborun Ngala, Fotokol, Kusuri, wadda gadar Ngeli ta sauƙaƙa tun 1985. Daga ɓangaren Najeriya aka san Whot, katin da William Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935, mai da'ira da tauraro da kuros. A yadda 'yan Najeriya ke buga shi, in aka jefa lamba 14 kowa sai ya tafi "kasuwa" ya jawo kati, abin da ke ba ɗan kasuwa dariya tunda yana cikinta zaune. Lido kuma, wadda aka yi wa rajista a Ingila, jikar wani tsohon wasan Indiya ce mai suna pachisi. Ita ce ta shiga ɗakin amare, ta haɗa miji da mata da ƙanne a kan tabarma ɗaya.

Ba kowa ke murna da waɗannan abubuwa ba, kuma dole a faɗa. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran yankin nan ke karantawa, ta hana wasan nardi da shaɗaranji. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan sauran wasanni, amma abu biyu babu jayayya a kansu: kada kuɗi ya shiga, kada a bar salla. Dattawan kasuwa sun san iyakar nan. Wanda aka cinye a dara abin da zai biya shi ne tsiya da dariya. Da zarar an ajiye dala ɗaya a gefen tabarma, sunan abin ya canja, kuma mun sha ganin jari ya narke ta wannan ƙofa.

Yau ga zango na huɗu: waya. Lido ta koma cikinta, karta ma haka, ga cacar ƙwallo tana kiran samari dare da rana. Balot da dam da lido suna da littattafai da kamfanoni da gasa, ba za su ɓace ba. Dara fa? Allonta ƙasa ce, iska na shafe shi kafin magariba. Dokokinta da sunayen dabarunta suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai. Birnin nan ya ga yaƙin 1979 da na 1980, lokacin da dubban mutane suka haye kogi zuwa Kusuri suka bar dukiyarsu, amma dara ta haye tare da su ta dawo, don ba a wawashe abin da ke cikin kai. Abin da yaƙi bai iya ba, rashin almajiri zai iya.

Don haka, ɗan'uwa mai sauraro, ko kana Injamena ko Marwa ko Diffa ko Maiduguri, in akwai dattijon da ya iya dara a layinku, ka kai masa goro, ka ce Baba a koya mini. Ka tafi da ƙaninka. Wanda kuma ya san wata doka ko wani suna na dara da garinsu ya bambanta da shi, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Sai Allah ya kai mu, a huta lafiya.