Daga Alfarma Zuwa Haƙƙi: Yadda Yara Masu Galahanga Suka Sami Gurbi a Ajin Amurka

A shekarar 1939, wata uwa a garin Forest da ke jihar Misisifi ta nemi alfarmar a karɓi ɗanta mai shekara shida a makarantar firamare. Yaron, Donald Triplett, ba ya son haɗa ido da mutane, yana yawan maimaita kalmomi, kuma ƙaramin sauyi a tsarin yininsa kan tayar masa da hankali. An karɓe shi saboda mai shugabantar makarantar na da sanayya da mahaifiyarsa. Shi ne na farko cikin yara 11 da likita Leo Kanner ya bayyana halinsu a 1943, rubutun da ya fito da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, a matsayin lalura mai zaman kanta. Donald ya yi karatu har kwaleji, ya yi aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Sa'o'insa da ba su da uwa a gindin murhu ba su sami haka ba. Dokokin jihohi da dama sun ba makarantu ikon korar duk yaron da aka ce ba zai koyu ba, kuma kafin 1975 sama da yara miliyan ɗaya masu naƙasa na wajen makarantun gwamnati. Iyaye suka garzaya kotu, suka yi nasara a Fensilbaniya da birnin Washinton. A 1975 Shugaba Gerald Ford ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta ilimi kyauta ga waɗannan yara, tare da sauran ɗalibai gwargwadon hali, kowane yaro da rubutaccen tsarin karatunsa. Sai a 1990 aka saka galahanga a dokar da sunanta.

Amma samun kujera daban, samun ilimi daban. A jihar Kolorado, iyayen wani yaro mai suna Endrew sun lura cewa kusan manufofi iri ɗaya makarantarsa ke maimaita masa kowace shekara, ba ya gaba. Suka cire shi, suka kai ƙara. A Maris 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da murya ɗaya cewa ɗan ci gaban da bai taka kara ya karya ba bai wadatar ba. Dole tsarin karatun ya kai yaro ga ci gaban da ya dace da halinsa.

A aikace, wannan na nufin malamin da aka horar, jadawalin hotuna da ke nuna abin da ke tafe, sanar da yaro kafin a sauya aiki, da wurin da zai keɓe idan hayaniya ta yi masa yawa.

Nijeriya ma tana da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa tun Janairun 2019. Abin da iyaye za su bincika yanzu shi ne me yaron ya iya a ƙarshen zango wanda bai iya ba a farkonsa.