Muryar Baba a Tsakanin Sifika Biyu: Ɗan Tarihin Sauti Daga Ɗakin Ɗalibi a Ibadan

 Yau rubutun da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana sai dare.

Bara mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan an gama rabon gado sai wani kwali ya rage a ƙarƙashin gadonsa, ba wanda ya waiwaye shi. Kaset ne kusan arba'in: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, da tafsirin azumi da ya riƙa ɗauka daga Rediyon Kaduna. Guda ɗaya kuma an rubuta a jikinsa da biro, "Saƙo zuwa gida, Ikko, 1989". Lokacin yana saurayi, yana neman kuɗi a Agege, ni ko labarina babu. Da yake kakarmu ba ta karatun boko, sai ya riƙa yi mata magana a kaset ya ba direbobin manyan motoci su kai mata. Na ɗauko kwalin nan na taho da shi Ibadan, ko Badun kamar yadda ita kakar tamu ke cewa.

Na je Dugbe na sayi wani tsohon saiti na hannu, amfilifaya haɗe da wurin sa kaset, da sifika biyu. Na jona, na sa kaset ɗin Baba, na danna. Wallahi sai na ji kamar mutum na magana daga cikin randa. Ga "shuuu" ya cika ɗaki, kalma ɗaya cikin uku nake kamawa. Na kashe, na zauna shiru. Har na fara lissafin taɓa kuɗin da na ware don zuwa ɗakin adana takardun tarihi na Kaduna, in sayo irin manyan saitin nan da ake manna wa "5000W" a gaba. Sufabaizana da ya ji da ya cire ni daga ɗalibansa.

Mutum biyu suka cece ni: maƙwabcina a hostal, wani Bayarabe mai karanta injiniyan lantarki, da wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabo. To da yake tarihi nake karantawa, duk abin da suka ce in yi sai na koma in bincika asalinsa. A nan na gane cewa kowane maɓalli da ke jikin akwatin nan amsa ce ga wata matsala da ta taɓa damun wasu mutane a wani zamani. In ka san matsalar, ka san inda za ka taɓa.

Mu faro daga garmaho. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, sannan Emile Berliner ya zo da faifai mai faɗi a 1887. Faifan da kakanninmu suka sani yana juyi 78 a minti, kuma kowane gefe bai wuce kamar minti uku ba. Ku duba fa, mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a ƙofar fada, a ce masa ya dunƙule komai cikin minti uku! Sai a 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai ɗaukar kusan minti ashirin ko fiye a gefe guda. Duk wannan zamanin sauti ta baki ɗaya yake fita, shi ake kira mono. Haka rediyon farko a ƙasar nan, wanda ake jawo waya har cikin gida ko dandali a rataya akwati. An fara shi a Legas a 1935, ya isa Kano a 1944. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma a 1962. Kunnen Bahaushe da sifika ɗaya ya tashi.

Maganar sifika biyu ta samo asali daga wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein, ma'aikacin kamfanin EMI. Ana ba da labarin cewa ya je silima da matar da ya aura daga baya, sai abin ya dame shi: ɗan wasa yana gefen allo, muryarsa tana fitowa daga wani wuri daban. A 1931 ya shigar da takardar mallakar fasahar da yau muke kira sitiriyo. Bai ga cin gajiyarta ba, don ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1942 yana gwajin na'urar rada lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai wajen 1958 faifan sitiriyo ya bazu a kasuwa.

Dabarar ta dogara ne da kunnuwanka biyu. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ta hanyar kwatanta abin da ya iso kunnen dama da na hagu. Saboda haka sai sifikun sun rabu, kai kuma kana tsakiya, nisanka da kowace ya zama ɗaya. Ni kuwa me na yi? Ɗaya na ɗora a kan wadirob can kusa da silin, ɗaya na cusa a lungu ƙarƙashin tebur. Maƙwabcina da ya leƙo sai da ya riƙe ciki don dariya. Muka sauko da su, muka jera a kan tebur, tsakaninsu kamar mita ɗaya da rabi, kujerata ma nisan haka daga kowace, kamar duwatsun murhu uku. Muka sa littattafai a ƙarƙashi har ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunnena in na zauna. Muka janye su daga bango kamar kamu biyu, don lungu da bango suna kumbura kaurin sauti har ya danne magana. Randar nan da nake ji, rabinta daga nan take.

Sai kuma ya duba wayoyin baya. Kowace sifika tana da ja da baƙi, haka amfilifaya. Ashe ɗaya na juya ta, ja a baƙi. In haka ta faru, lokacin da fatar sifika ɗaya ke turo iska, ɗayar ja take yi, sai su kashe wa juna kauri, murya kuma ta rasa mazauni. A nan tsofaffin kaset ɗinmu suka yi rana. Yawancinsu mono ne, wato abu ɗaya ake aika wa sifikun biyu. Don haka in komai ya zauna daidai, dole ka ji muryar tana fitowa daga tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya. Muka gyara wayar, na sa Shata. Sai ga shi tsaye a tsakiyar teburina, kalangu ya dawo da nauyinsa. Duk mai sifika biyu ya gwada wannan yau, ko sisi ba zai kashe ba.

Saura "shuuu" da dishewar murya. Wannan kuma tarihin kaset ne. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Tun farko ba don kiɗa mai inganci aka yi shi ba, an fi nufin ɗaukar magana. Zaren siriri ne, faɗinsa bai kai milimita 4 ba, kuma yana tafiya a hankali, santimita 4.76 a daƙiƙa. Shi ya sa yake da wannan hucin. Amma a wurinmu kaset ya yi abin da faifai bai yi ba. C-90 yana ɗaukar minti 45 a gefe guda, waƙa ta samu wurin miƙe ƙafa, wa'azi ma haka. Yana aiki da batir a ƙauyen da ba wuta. Uwa uba, talaka na iya danna jan maɓalli ya ɗauki muryar kansa. Da haka Baba ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa ba tare da alƙalami ba.

Ray Dolby, Ba'amurke, ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965 don yaƙar wannan huci, kuma a 1968 ya fito da tsarin da daga baya ya shiga na'urorin kaset na gida. Yadda yake aiki: lokacin ɗauka ana ɗaga siririn sauti, lokacin saurare a sauke shi, sai hucin ya sauka tare da shi. To in ba da tsarin aka ɗauki kaset ba, kai kuma ka kunna maɓallin, siririn sautin kawai za ka yanke, murya ta dishe. Baba da ƙaramar rediyo ya yi ɗaukarsa a Agege, ina shi ina Dolby? Ni kuwa na danna abina don na ga sunan Bature. Na kashe shi, na mayar da maɓallin nau'in zare kan na gama-gari, sai haruffa suka fara fitowa.

Ragowar aikin a Sabo aka yi shi. Na kai wa dattijon nan saitin a kan acaɓa. Ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Yaro, rabon kan nan da wanka tun mulkin soja." Ya dangwali sifirit da auduga ya goge kan da zare ke gogawa, da sandar ƙarfen da ke jan zaren, ya share robar da ke matse shi. Audugar ta fito ja kamar ƙasar Ibadan. Ya canza bel ɗin da ya saki, wanda ke sa murya rawa. Sannan ya sa kaset ɗin, ya ɗauki siririn sukudireba yana juya wani ɗan noti a gefen kan, kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin sifika. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce kowace rediyo da yadda kanta ya karkata, sai ka daidaita naka da na wadda ta yi ɗaukar. Can sai ya tsaya ya ce, "Ga mutumin nan ya fito." Da na tambayi kuɗi sai ya ce in biya na bel kawai, sauran in yi wa mamacin addu'a.

Abu na ƙarshe shi ne ɗakin kansa. Ɗakunan hostal ɗinmu siminti ne ko tayil, bango tsirara, sauti na dukan bango yana dawowa. Ɗakin iyayenmu mata kuwa, da labule da katifa da tabarma da tulin kaya, shi ya sa rediyo ke daɗi a can ba tare da kowa ya shirya ba. Na shimfiɗa darduma mai kauri tsakanina da tebur, na rataya bargo a bangon da ke bayana, na saki labule. Bes da tirebul na mayar da su tsakiya. Murya kuma ba na kai ta ƙarshe, don ƙaramar amfilifaya in aka matsa mata sauti yakan fashe, kuma hakan na ƙona ƙaramin bakin sifika. Batun "5000W" kuwa, maƙwabcina ya ce lambar talla ce, ainihin ƙarfin shi ne wanda ake rubuta RMS a gefensa, kuma wat ashirin na gaskiya ya ishi ɗaki irin namu har maƙwabta su buga ƙofa. Masu saurare ta waya, ku ma abin ya shafe ku: waƙar da aka ciro daga bidiyon da ya zaga guruf goma ta riga ta tsiyaye, ba sifikar da za ta dawo da abin da aka zubar.

Daren Juma'ar nan, bayan isha'i, na kulle ƙofa na zauna a kujerar tsakiya. Baba ya yi sallama. Muryar saurayi ce, ta fi wadda na sani kaifi, amma tarin nan nasa na kafin ya fara magana yana nan. Ya gaida Inna, ya tambayi damina, ya ce ruwan Ikko ba ya ɗaukewa. Ya ce ya ba direba kuɗin kwano biyu a rufe ɗakinta kafin ruwa ya yi ƙarfi. A bayansa ana jin kwandasta na kiran Oshodi. Sai ya ce a gaya mata kada ta damu, yana cin abinci, kuma in Allah ya yarda ba zai daɗe a Kudu ba. Ya yi dariya. Shekarata biyu ke nan ina gaya wa tawa mahaifiyar wannan maganar a waya.

Na riga na jona waya daga bayan saitin zuwa kwamfuta na kwafe shi, na tura wa ƙannena. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, ga shi laimar Kudu ba ta da sauƙi. In kun je hutu ku duba ƙarƙashin gadaje da saman kabad, kar ku bari yara su warware su suna wasa. Wanda yake Ibadan kuma yana da irin wannan kaset, ya kawo, ɗakina a buɗe yake bayan la'asar ranar Asabar. Ku zo da biro ɗaya, ko zare zai tsinke mana.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama lafiya mu koma gida.