Gentleman: da can jini ake nufi

A darasin Ingilishi mukan ce wa ɗalibai gentleman shi ne mutumin kirki, mai ladabi. Haka ne a yau. Da can kuwa jini ake nufi, ba hali ba.

Kalmar ta shiga Ingila ne daga tsohon Faransanci, gentil, wato ɗan asali. Wanda ya karanta Le Bourgeois gentilhomme na Molière, na 1670, ya tuna attajirin nan da ya yi ta zubar da dukiya don a lissafa shi cikin manya, ya zama abin dariya. A Ingila gentleman mai filaye ne da ke cin kuɗin haya, ba ya aikin hannu. Ko mashayi ne, sunan nasa ne. A 1413 doka ta wajabta rubuta matsayin wanda ake ƙara a takardar shari'a, sai kalmar ta yawaita a bayan sunaye.

Wasan kurket ya fi ba ni mamaki. Daga 1806 har 1962 ana karawa tsakanin Gentlemen, masu wasa don nishaɗi, da Players, masu karɓar albashi. Ɗakin sauya tufafi ma kowa da nasa. Cin gumi shi ne aibin!

A ƙarni na 19, da ƴan kasuwa suka yi arziki suka kai ƴaƴansu makarantun manya, ma'anar ta karkata ga tarbiyya. Yanzu kowane namiji ana kiransa haka a taro, har a ƙofar makewayin maza ana rubuta ta.