Kwalliyar Kirsimeti a Kudancin Katsina

Kwalliyar Kirsimeti ita ce adon da mabiya addinin Kirista ke yi wa majami'u da gidajensu a watan Disamba, domin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, alaihissalam. A Turai an san ta da zoben ɗanyen ganye da ake ratayawa a ƙofa, da bishiya mai fitilu, da kyandirori. A kudancin Jihar Katsina kuwa, wato Mabai da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, da Faskari, Sabuwa, Malumfashi, Ƙafur da Bakori, inda Musulmi suka fi yawa nesa ba kusa ba, Kiristoci kuma ke zaune a ƙananan ƙauyuka da unguwanni, adon ya ɗauki wata kama. Kaka ce ke tsara shi, da aljihun manomi, da sana'o'in hannu da mata da yara suka gada tun kafin 'yan mishan su iso.

Asalinta a Turai

Zoben ganye ya girmi Kirsimeti. Girkawa da Romawa sukan saƙa shi su ɗora a kan wanda ya ci gasa ko ya dawo daga yaƙi da nasara, kuma Romawa sukan ƙawata gidaje da ɗanyen ganye a bikinsu na Saturnaliya, wanda shi ma a Disamba yake faɗowa. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba na birnin Rum ne, na shekarar 336. Da addinin ya bazu zuwa arewacin Turai, inda sanyi ke kakkaɓe ganyen yawancin itatuwa, sai 'yan itatuwan da ke zama kore duk shekara suka zama alamar rai da fata, aka riƙa shigo da rassansu cikin ɗaki.

Zoben da ake jera wa kyandirori a majami'u yau ya samo asali ne a 1839, a birnin Hambug na Jamus. Wani malamin Furotesta, Johann Hinrich Wichern, yana riƙe da gidan yara marasa galihu mai suna Rauhes Haus, yaran kuma kullum suna tambayarsa saura kwana nawa Kirsimeti. Sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar amalanke ta katako, ya kafa mata ƙananan jajayen kyandirori na ranakun mako, da manyan farare huɗu na ranakun Lahadi, kowace rana a kunna ɗaya. Daga baya aka naɗe ta da ɗanyen ganye, aka rage kyandirorin zuwa huɗu, Katolikan Jamus kuma suka karɓi al'adar a shekarun 1920. Ya kamata a riƙe wannan: abin da yau ake saya da tsada a kanti, a gidan talakawa aka fara shi, da tarkacen da aka yar.

Haka ma komin dabbobi da ake kwaikwayo don tunawa da wurin haihuwar Yesu. A 1223 Faransis na Asisi ya shirya shi a ƙauyen Greccio na Italiya da ciyawa da sa da jaki masu rai. Bishiyar Kirsimeti ce ta shigo ta ƙofar masu hali. Ta yi farin jini a Ingila bayan 1848, da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu a gindinta, a 1882 kuma Edward Johnson, abokin aikin Edison, ya fara rataya mata fitilun lantarki a New York. Talakan Turai bai daina yin nasa da hannu ba: sarƙar takarda, tauraron haki, busassun 'ya'yan itace.

Zuwanta ƙasar Hausa

A 1900 Bishop Herbert Tugwell da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS suka isa Kano, Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, suka koma Girku. Miller ya shiga birnin Zariya a 1905, a 1929 kuma mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ta wata hanyar kuma, jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, da reshensa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, waɗanda suka zo da irin Kirsimetinsu suka kafa majami'u a sabon gari.

Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. A shekarun 1930 ne aka sassauta, har mishan ɗin SIM ya karɓi kula da asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina. Majami'un da SIM ta kafa su ne suka zama ECWA a 1954. Katolika kuwa limaman Dominika ne suka riƙe yankin bayan an kafa hukumar cocin ta Sakkwato a 1953, Malumfashi kuma ta zama babbar cibiyarsu, da makarantar horar da katikis. Yawancin Hausawan da suka karɓi Kiristanci a wannan yanki daga gidajen Maguzawa suka fito, musamman daga shekarun 1970, lokacin da wasu 'yan'uwansu ke shiga Musulunci. A 1990 Angilika ta kafa dayosis a Katsina. Katolika ta yi nata a Oktoban 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya hau kujerar bishop a cocin.

Wannan tarihi ne ya sa adon ya bambanta daga coci zuwa coci. Majami'un da suka fito daga SIM ba sa ajiye mutum-mutumi, don haka kwalliyarsu ta tsaya ga yadi, takarda, furanni da ayoyin da ake rubutawa a bango ko a kwali. A cocin Katolika ne ake ganin zoben kyandirori huɗu, uku ruwan malmo ɗaya ruwan hoda, da 'yar bukkar ciyawa da ake ɗora siffar jariri Yesu a cikinta. Bukkar ba ta buƙatar a koya wa kowa: gamba da kara da igiya ne, kuma duk manomin da ya taɓa yi wa rumbu jinka ya iya ta.

Abin da kaka ke bari

Disamba a kudancin Katsina lokacin hunturu ne. An yanke dawa, an ɗaure dammuna, ana tsinkar auduga, kara ya cika gonaki, ɗan kuɗi kuma ya shigo hannu. Tun kafin Kirsimeti ta zo, wannan ne lokacin aure da dambe da kalankuwa a karkara. Bikin bai sha wuyar samun gurbi ba, domin ya tarar da mutane a shirye suke da murna.

Zoben ɗanyen ganye dai bai yi saiwa a gidaje ba, dalilin kuwa a fili yake. Itatuwan da ke da ganye a wannan lokaci sun haɗa da mangwaro, da bedi, wanda aka shigo da shi Barno a 1928, da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, amma ƙaya ta hana a saƙa shi. Reshen bedi kuwa in aka yanke shi, iskar hunturu kan yanƙwane shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ke jure wannan iska shi ne busasshe, kuma a nan ƙasar ta fi Turai arziki.

Kwalliya kan fara ne daga bango. Matan karkara, Musulmi da Kirista, sun saba yi wa ɗaki shafe kafin biki, su gyara daɓe, su wanke kwanonin jere su mayar. Ƙanƙara ta shahara da farar ƙasa, har ana haƙar ta ana kai wa masana'antu, kuma irinta ce ake jiƙawa a shafe bango da ita ya yi fes. Wanda ya fi ƙarfi ya sayi fenti.

Sai faifai. Mai saƙa takan tsaga kabar goriba siri-siri, ta rina wani kashi, ta bar wani fari. A da karan dafi ke ba da ja, baba ya ba da shuɗi, kafin galura ta kasuwa ta kawo kore da rawaya da algashi. Takan ɗauki 'yan tsiraran ciyawa ta haɗa su wuri ɗaya, ta fara naɗe su da kaba daga cibiya, tana huda layin da ya gabata da basilla tana zura bakin kabar tana ja, tana kewayawa har faifan ya buɗe. In ta so zane, sai ta sauya launi a daidai inda ta ƙirga. Da shi ake rufe ƙwarya, da shi ake bakace, shi ne kuma ake jerawa a bangon ɗakin amarya. Duk wanda ke neman takwaran zoben Turawa a ƙasar Hausa, to ga shi nan: kewayayye ne, na bango ne, ja da kore suna cikinsa, ga shi yana shekaru bai lalace ba. Shi kansa zoben, in za a yi shi a nan, ƙirarsa ta gammo ce da aka faɗaɗa, kuma kaba ko ɓawon masara sun ishe shi.

Yara kuma nasu kara ne. Yaron ƙauye kan ɓare sillen kara, ya tsaga ɓawon ya zama tsinke, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta fito da ƙafafunta, ko tabarau, ko keke. Hannun da ya iya wannan, tauraro mai tsini biyar ko sandar makiyayi ta wasan kwaikwayon Kirsimeti ba za su gagare shi ba. Abin takaici ne yadda ake kallon wannan gwaninta a matsayin wasan yara kawai, alhali ita ce makarantar farko ta masassaƙa da maƙera da yawa.

Takarda ta shigo ne ta makarantun mishan. Akan yanka mai launi faɗin yatsa biyu, a lanƙwasa a manne bakin da ƙaro ko sitaci, a zura ta biyu cikin ta farko, a ci gaba har sarƙa ta yi tsawon da za a ja ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wasu kan yanka ta kusurwa uku su jera a zare. Auduga kuma, wadda ta sa aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi tun zamanin Turawa, ita ake yayyafa wa bishiya a madadin ƙanƙarar da ke zuba a Turai.

Duk da haka, babbar kwalliyar Kirsimeti a nan a jikin mutane take. Tela ya fi mai sayar da kayan ado ciniki a Disamba. Uba kan fara ɗinka wa yara, mata su yi kitso da lalle, ƙungiyar Zumuntar Mata ta fito da ankonta da tukwanen kiɗa da caki. In kuɗi bai kai ba, a bar balan-balan a sayi shinkafa da kaza, domin kwanon da za a aika wa maƙwabci Musulmi, wanda shi ma ya aiko da nasa da Sallah, ya fi komai nauyi a lissafin uwar gida. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kasuwa da halin yau

Daga ƙarshen ƙarni na 20 kayan roba suka cika kasuwa: bishiyar roba, zoben roba, kyalkyali da fitilu masu ƙiftawa. Kaso mai yawa na irin waɗannan kaya a duniya daga birnin Yiwu na Chaina yake fitowa. Sukan sauka Legas, su biyo ta Anacha ko su wuce kai tsaye kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan 'yan koli su rarraba su zuwa Funtuwa da Malumfashi. Majami'un gari sun karɓe su hannu bibbiyu, saboda ana iya naɗe su a ajiye a kwali har baɗi. A ƙauye rashin wutar lantarki ya daɗe yana hana fitilun amfani, sai da ƙananan faifan sola da batura suka yawaita.

Kayan da ake sayowa da dala kuwa farashinsu na bin darajar naira. Ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, ta sake faɗuwa bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin canji a watan da ya biyo baya, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan hali adon kanti ne ke fara fita daga lissafin gida, a koma ga takarda da kaba da abin da aka ajiye tun bara.

Rashin tsaro ya fi tsada yin ɓarna. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. Ranar 11 ga Disamba 2020, saura mako biyu Kirsimeti, aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga wata. A Janairun 2023 aka kai wa wani coci hari a yankin Gidan Haruna na Ƙanƙara aka tafi da masu ibada. Wannan masifa ba ta bar Musulmi ba, ba ta bar Kirista ba, kuma ta taɓa tushen sana'ar kanta: gonar da ba a noma ba babu kara, dajin da ake tsoron shiga ba a yanko kaba da gamba, kasuwar da aka rufe ba a sayar da faifai. Iyalai da dama sun bar ƙauyukansu zuwa garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi, a can suke yin Sallarsu da Kirsimetinsu a ɗakunan haya ko a gidajen 'yan'uwa.