Asalin sunan Richmond

Akwai garin da ake kira Richmond a Amurka, akwai a Kanada, Ostireliya da Afirka ta Kudu. Duk wanda ya ji sunan sai ya ɗauka Turanci ne tsantsa, alhali kuwa da bakin Faransanci ya shiga Ingila.

A shekarar 1066 William, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi. Da mutanen arewacin ƙasar suka yi masa bore, sai ya ƙone musu gonaki da garuruwa, ya rarraba ƙasarsu ga sarakunan yaƙinsa. Cikin waɗanda suka sami rabo har da wani ɗan'uwansa, Alan Rufus, wanda wajen 1071 ya fara gina ganuwa a kan tudun da ke kallon kogin Swale a yankin Yorkshire. Aka kira wurin *riche mont*, wato tudu mai ƙarfi, domin a Faransancin wancan zamani *riche* tana nufin ƙarfi da iko, ba dukiya kaɗai ba. Sunan masu mamaya ne, kuma ganuwar an gina ta ne don tsare 'yan ƙasa.

Daga baya sunan garin ya zama sarauta. Henry Tudor yana riƙe da sarautar Richmond kafin ya hau gadon mulki a 1485. Da gobara ta cinye fadarsa da ke Sheen, kusa da Landan, a 1497, sai ya sake gina ta, ya raɗa mata sunan tsohuwar sarautarsa a 1501. A hankali garin da ke kewaye da fadar shi ma ya karɓi sunan.

Wannan Richmond ta biyu ce ta haye zuwa Amurka. A 1737 William Byrd ya shata gari a bakin kogin James a Virginia, ya ce yanayin kogin ya tuna masa da Thames idan an hango shi daga tudun Richmond. Garin nan ne ya zama babban birnin jihohin kudu masu riƙe da bayi a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865.

Ta lardin Northern Cape a Afirka ta Kudu kuwa, ba daga ɗayan garuruwan biyu ta samo nata ba. An sa mata shi ne don girmama mai sarautar Richmond, surukin gwamnan mulkin mallaka Peregrine Maitland.