Tushen hasken da ba ya haskawa

A wurinmu masu nazarin haske, tambayar ta fi shekara ɗari: shin caji na lantarki zai iya kai-kawo ba tare da ya fitar da haske ba? Lissafin Joseph Larmor na 1897 ya ce duk cajin da ya sauya gudu sai ya zubar da makamashi. Amma a 1910 Paul Ehrenfest ya nuna cewa in caji ya bazu cikin wani tsari, yana iya motsi ba abin da ya fita. A 1933 G. A. Schott ya kawo misalin ƙwallo mai caji a bayansa, yana zagaye bai fitar da komai ba.

Sirrin shi ne abin da Thomas Young ya nuna tun farkon ƙarni na 19: in tudun wata igiyar haske ya faɗa kan kwarin wata, sai su kashe juna, wurin ya yi duhu. Tushen da ba ya haskawa kowane sashensa na fitar da igiya, sai dai a waje duka suna soke juna, makamashin kuma ya maƙale a ciki.

Magabatanmu sun yi fatan wannan zai bayyana dalilin da atam ba ya rushewa. Kimiyyar kwantam ta riga su amsawa, maganar ta kwanta. Ta sake tasowa a 1973, lokacin da Anthony Devaney da Emil Wolf suka shimfiɗa cikakkun sharuɗɗanta. A nan ta zama ciwon kai ga masu ɗaukar hoton abin da ke ɓoye: tushe biyu mabambanta na iya ba da haske iri ɗaya a waje, don haka awo daga nesa kaɗai ba ya faɗin abin da ke ciki.

Wani reshen binciken ya fito daga Tarayyar Sobiyet. A 1957 Yakov Zeldovich ya kawo abin da muke kira anafol: lantarki yana bin waya da aka naɗe a kan zobe mai kamar gammo, maganaɗisun ya tsaya a cikin zoben. A 1995 Afanasiev na Dubna da Stepanovsky suka lissafa cewa in aka haɗa irin wannan zobe mai kaɗawa da eriya ta yau da kullum, haskensu zai soke juna. Ƙungiyar Nikolay Zheludev a Southampton ta Ingila ta gwada shi da igiyoyin maikirowef a 2013. A 2015 Andrey Miroshnichenko da Yuri Kivshar na Kanbera ta Ostareliya, tare da abokan aikinsu, suka gan shi da haske na ido a ƙananan fayafayan silikon.

Yau ana neman amfani da anafol wajen ƙera ƙananan leza da na'urorin gano sinadarai, saboda yadda yake tara haske a ɗan ƙaramin wuri. Sai dai masu shigowa fannin su riƙe wannan: tushen da ba ya fitar da komai ko kaɗan, ba a iya kunna shi da haske daga waje. Abin da muke aunawa a ɗakin gwaji raguwar warwatsuwar haske ce a wani tsawon igiya guda, ba ɓacewa gaba ɗaya ba. Duk wanda ya kira faifan silikon layar zana ya wuce abin da awo ya nuna.