Ƙaton Biba na Zamanin Ƙanƙara: Me Ya Haɗa Shi da Fadamun Anka, Gummi da Bukkuyum?

A shekarar 1837 aka tono wasu ƙasusuwa daga taɓon wata fadama a jihar Ohayo ta Amurka, kuma a 1838 masanin duwatsu John Foster ya raɗa wa mai su suna Castoroides ohioensis. Dabbar dangin biba ce, wato dabbar ruwa mai gaguya, 'yar'uwar ɓera da kurege. Biba na yau yakan sare itatuwa da haƙoransa ya datse rafi, kuma da wuya ya wuce kilo 30. Wancan na zamanin ƙanƙara kuwa tsawonsa ya kai mita 2, nauyinsa wajen kilo 100, haƙoransa na gaba kan kai santimita 15. A ƙaddara gafiya ce ta yi girman ɗan maraƙi. An samu ƙasusuwansa daga Fulorida har yankin Yukon na Kanada, amma sun fi yawa a kudancin manyan tafkunan Amurka. Ya ƙare ƙaf fiye da shekara 10,000 da suka wuce.

An daɗe ana zana shi yana kayar da manyan itatuwa, don an ɗauka halin ƙaramin ne halin babban. Binciken da Tessa Plint da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya karya wannan zato. Abin da dabba ta ci yakan bar alama a ƙashinta, ta nau'o'in sinadaran kabon da naitirojin. Da suka auna ƙasusuwan Yukon da na Ohayo, sai suka ga abincinsa tsirran cikin ruwa ne, ba ɓawon itace ba, kuma babu tabbatacciyar shaidar cewa ya taɓa datse ruwa. Daga nan dalilin ƙarewarsa ya fara fitowa fili: da yanayi ya sauya, fadamu suka janye, sai ya rasa abinci da mafaka, alhali ƙaramin da ke iya yi wa kansa tafki ya tsira. Akwai masu ɗora wa maharba laifin ƙarewar manyan dabbobin wancan zamani, amma a kan wannan dabba hujjarsu ba ta da ƙarfi.

Abin lura shi ne, wannan gyara bai yiwu ba sai don an adana ƙashin, an kuma rubuta inda aka same shi. Ƙashin da aka raba da wurinsa ba tare da bayani ba ya zama kayan kallo kawai. Wannan ne ya dawo da maganar gida.

Biba bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, ƙanƙara ma ba ta rufe ta ba. Amma zamanin ya taɓa mu ta wata fuska. Wajen shekara 21,000 da suka wuce, sa'ad da ƙanƙara ta danne arewacin duniya, fari ne ya danne nan, rairayin Sahara ya gangaro kudu. Tsofaffin jigayin da ake nomawa a Jigawa da Yobe ragowar irin waɗannan lokuta ne. Sannan ruwa ya dawo, Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai tudun da ya bi ta Bama da Maiduguri. A Gobero, tsakiyar hamadar Tenere ta Nijar, an tarar da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa tare da kaburburan masunta. A Dufuna ta jihar Yobe kuwa, wani makiyayi mai haƙar rijiya ne ya ci karo da kwalekwale a 1987, aka auna shekarunsa suka kai 8,000. Ba farfesa ne ya gano shi ba.

To, yammacin Zamfara fa? A nan dole a rarrabe ƙasa da ƙasa. Duwatsun Anka da Bukkuyum, waɗanda zinari ke cikinsu, tsofaffi ne ƙwarai, sun haura shekara miliyan 500, kuma zafi da matsi sun riga sun dafa su. Ba a neman ƙashi a irinsu. Mai shiga ramin zinari a Bagega ko 'Yargalma ba zai fito da haƙorin tsohuwar dabba daga cikin dutsen ba. Amma idan aka nausa yamma ta wajen Gummi, ko arewa zuwa Sakkwato, sai a shiga kwarin da yashi da laka suka kwanta hawa-hawa. A shimfiɗar da masana ke kira ta Gundumi ana samun itatuwan da suka koma dutse. Can gaba, inda teku ya taɓa ratsa Sahara kusan shekara miliyan 70 da suka wuce, an samu ƙaton ƙadangaren ruwa da wani masani mai suna Swinton ya fara bayaninsa a 1930, masanan Italiya suka sa masa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. A 1975 wani masani mai suna Halstead ya bayyana wani tsohon kada, Sokotosuchus. Farar ƙasar Kalambaina ma, da ake niƙawa a yi siminti, cike take da bawon halittun teku. Manyan ƙasusuwan ƙadangaren Goronyo suna Landan da Fulorans. Ɗan Goronyo nawa ne ya taɓa jin labarinsa?

Waɗannan duka sun girmi zamanin ƙanƙara nesa ba kusa ba. Abin da ya dace da zamanin biba, in akwai shi, yana cikin sabuwar laka: fadamun Gulbin Zamfara da ya bi ta Anka da Gummi, da na Gulbin Ka, da tsofaffin tafkunan da suka cike. Za a iya cewa zafi da ruwan daminarmu kan cinye ƙashi da wuri, ba kamar sanyin Yukon da ke ajiye shi ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba na sa ran tarin ƙwarangwal. Sai dai haƙori ya fi ƙashi juriya, kuma laka na riƙe bawon katantanwa da gawayi da garin furanni, waɗanda ke faɗin irin dajin da ya taɓa tsayawa a wurin. Kwalekwalen Dufuna itace ne, amma laka ta riƙe shi.

Za a kuma ce mutanen da ke fama da 'yan bindiga, waɗanda gubar dalma ta kashe musu yara fiye da 400 a 2010, ba su da lokacin tsohon ƙashi. Ban raina wannan magana ba. Amma ba cewa ake a tura ayarin masu bincike cikin daji yanzu ba. Tono dai ana yinsa kullum: masu ɗibar yashi, masu haƙar rijiya, masu yin tubali, ga kuma haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta haramta a 2019 ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Kowace ambaliya ma takan yanke gaɓa ta tone abin da ke ƙasa. Abin da babu shi ne hanyar da labari zai bi daga bakin rami zuwa hannun masani.

Nijar ta riga mu a nan, don a Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yaro na iya tsayawa gaban ƙwarangwal ɗin dabbobin da aka tono a ƙasarsa. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum, a sanar da dagatai da masu unguwanni: duk wanda ya tono baƙon ƙashi ko haƙori, ya ɗauki hotonsa da waya a inda yake kwance, ya lura da zurfin ramin, ya kai wa hakimi, kada a sayar wa dillali.